Labarin Bugun Lantarki da Ɓarnar da Ya Ke Yi wa Motoci da Kayan Wuta

Akwai wata magana da ta bazu cikin littattafan hira na Turawa da wasanninsu na sinima, har ta fara shigowa bakin ɗalibanmu. Wai in aka fasa bam ɗin nukiliya guda ɗaya can ƙololuwar sama, nan take kowace mota za ta mutu inda ta ke, rediyo da wayar hannu su zama tarkace, duniya ta koma zamanin jaki da fitilar aci-bal-bal. Malamin da ɗalibi ya tare shi da wannan batu ya kamata ya san inda maganar ta samo tushe, gama ruwa ba ya tsami banza. Nufina cikin wannan takarda in bi labarin daga mafarinsa, in jera abin da aka gani da ido aka kuma auna, in ware shi daga abin da aka zata. Wanda ya bi labarin a hankali zai ga abu guda yana ta komowa tun daga 1859 har yau, watau ɓarnar ta kan bi doguwar waya ne, ta ƙyale gajera.

Abin da mu ke magana a kansa wani ƙarfi ne na lantarki da maganaɗisu, wanda ke tasowa farat ɗaya, ya ratsa sarari da saurin haske, ya wuce. Ba shi da ƙara, ba ya ƙona fata, mutum ba ya jin wucewarsa. Amma duk ƙarfen da ya tarar a hanya sai ya zuga wutar lantarki ta gudana a cikinsa, kamar yadda muryar gidan rediyo ta ke shiga eriya, sai dai wannan ƙarfinsa ya wuce misali. Zan kira shi bugun lantarki, domin sau ɗaya ya kan sauka, kamar guduma a kan maƙera. Kowa ya san ƙaninsa. In hadari ya taso, mai hankali ya kan zare filogin talabijin, ko da ya ke ya san da wuya aradu ta faɗa ɗakinsa. Ta ishe ta ta faɗi kusa da turakun waya, wayar ta kwaso abin da ta kwaso, ta kawo masa har gida.

Rana ce ta fara koya wa mutane wannan karatu, tun ba a yi mafarkin bam ba. Ran 1 ga Satumba 1859 wani masanin taurari na Ingila, Richard Carrington, yana zana tabban da ke jikin rana a gidansa da ke Redhill, sai ya ga wani farin haske ya tashi daga cikinsu, ya yi mintoci kaɗan, ya ɓace. Bayan kamar awa 17 da rabi, abin da ranar ta watso ya iso duniya, ya girgiza maganaɗisun ƙasa. Jan hasken nan na dare wanda ba a saba ganinsa ba sai a ƙasashen ƙanƙara, aka gan shi har Kuba. A zamanin nan babu wata doguwar waya a duniya sai ta tangaraho, ita kuwa ta sha wuya. Tartsatsi ya yi ta tashi daga na'urori, wuta ta ja waɗansu ma'aikata, takarda ta kama wuta a waɗansu ofisoshi. Tsakanin Boston da Portland a Amurka ma'aikata biyu suka cire batir ɗinsu ɗungum, suka yi wajen awa biyu suna aika wa juna saƙo da wutar da sama ta zuba a wayar. Agogon aljihu da allura da garma, duk ƙarfe ne, ba abin da ya same su. Tsawo ne ba su da shi.

To, sai zamanin bam. Tun a gwajin farko da aka yi a hamadar Niyu Meziko ran 16 ga Yuli 1945, Enrico Fermi ya yi tsammanin fashewar za ta haifi wani bugun lantarki, aka kuwa lulluɓe wayoyin awo da ƙarfe. Duk da haka waɗansu na'urorin suka rikice, awonsu ya salwanta. Ingilishi ma sun gamu da irin wannan a gwaje-gwajensu na farko tun daga 1952. Amma an ɗauki abin a kan ƙaramar fitina ce ta masu awo, domin in bam ya fashe kusa da ƙasa, bugun ba ya yin nisa. Wurin da zai ƙona rediyo, wuta da iska sun riga sun rushe gidan da rediyon ke ciki. Irin wannan ne Faransa ta fasa a Reggane cikin Sahara ran 13 ga Fabrairu 1960, a kan wata hasumiyar ƙarfe. Abin da ya tayar da hankalin mutanen Afirka ta Yamma a lokacin, har Nijeriya ta yanke hulɗa da Faransa cikin Janairu 1961, ƙura mai guba ce wadda a ke tsoron iskar hunturu ta kwaso. Ba wanda ya yi zancen waya.

Cikin 1958 Amurka da Ingila da Tarayyar Sobiyet suka dakatar da gwaji, amma cikin Satumba 1961 Sobiyet ta koma, Amurka ta bi sawu. Abin da ya dami sojojin ɓangarorin biyu a sa'an nan shi ne yadda za su tare makami mai linzami tun yana sama, da kuma ko fashewa a can za ta makantar da na'urorin hangen jirage. Don haka suka shiga ɗora bam a kan roka.

Daren Lahadi 8 ga Yuli 1962, ƙarfe 11 agogon Honolulu, wanda ya yi daidai da ƙarfe 10 na safiyar Litinin a Nijeriya, Amurka ta fasa wani bam a bisa tsibirin Johnston cikin tekun Fasifik. Sunan da suka ba gwajin Starfish Prime. Ƙarfinsa megatan 1.4, watau ya ninka na Hiroshima wajen sau 90, tsawon da ya kai kuwa kilomita 400. An riga an yi shela, har waɗansu otal-otal na Honolulu suka shirya liyafa a kan soraye don baƙi su yi kallo. Sama ta yi fari kamar tsakar rana, ta juya kore, sa'an nan ta rine ja wur na 'yan mintoci. An ga hasken har Samowa, can ƙetaren tsakiyar duniya. Ba a ji ƙara ba, gama inda ya fashe babu iskar da za ta ɗauko ta.

Tsakanin wurin da Honolulu kilomita 1,450 ne ko kusa da haka, ya fi nisan Kano da Ikko nesa ba kusa ba. Amma a daidai wannan ƙiftawar ido fitilun titi wajen 300 suka mutu a tsibirin Oahu, ƙararrawar kama ɓarayi ta yi ta kuka a kantuna ba ɓarawo, wata na'urar tarho da ke haɗa tsibirin Kauai da sauran tsibiran ta lalace. A can wurin gwajin, na'urorin awo da yawa allurarsu ta buga ƙarshe, sabo da abin da ya zo ya fi abin da aka yi musu shiri. Cikin 1989 wani masani na ɗakin bincike na Sandia, Charles Vittitoe, ya koma kan maganar fitilun nan. Ya nuna layuka 30 ne, kowane layi fitilunsa a jere su ke a kan waya guda doguwa, in fis ɗaya ya ƙone duk layin ya yi duhu. Ƙarfin bugun da ya isa Hawai an ƙiyasta shi bolt 5,600 a kowace mita. Wannan ita ce ɓarnar da aka tabbatar a ƙasa. Gari ya waye, mutanen Honolulu suka tayar da motocinsu, suka kunna rediyo, suka tafi aiki.

A sama ne aka yi babbar hasara, ta wata hanya dabam. Ƙwayoyin lantarkin da bam ɗin ya watsa suka maƙale cikin maganaɗisun duniya, suka yi mata ɗamara, suna cin duk tauraron ɗan'adam da ya ratsa. Ariel 1, na farko da Ingila ta mallaka, ya sami rauni. Telstar 1, wanda ya fara ɗaukar hoton talabijin ya ƙetare tekun Atlantika da shi, an harba shi ne kwana ɗaya bayan gwajin. Ya yi shiru cikin Nuwamba 1962, aka farfaɗo da shi, ya mutu sarai cikin Fabrairu 1963.

Me ya sa bugun ya fi yadda aka zata? Conrad Longmire, masani a Los Alamos, shi ya warware wannan cikin 1963, bayaninsa kuwa ya cancanci malami ya riƙe shi, don ba shi da wuya. Sa'ad da bam ya fashe, abin da ke fara fita wani haske ne mai ratsa jiki wanda ido ba ya gani, ana ce da shi gamma. In a sarari ne babu abin da zai tare shi, sai ya gangaro har ya iske iska mai ɗan kauri, tsakanin kilomita 20 da 40 daga ƙasa. A nan ya kan bugi ƙwayoyin iska, ya fizge ƙananan ƙwayoyin lantarki daga jikinsu, ya wurga su gaba da gudu kusa da na haske. Arthur Compton ya riga ya gano wannan fizga tun 1923. Abin da aka manta da shi cikin lissafi shi ne maganaɗisun duniya, wanda ke juya allurar nuna alƙibla. Shi ne ke lanƙwasa hanyar ƙwayoyin nan, ƙwayar lantarki kuwa in ta lanƙwasa sai ta fid da igiyar rediyo. Da ya ke dukansu a lokaci guda su ke juyawa, kuma sashi guda, ƙarfinsu sai ya haɗu, kamar 'yan gayya sun sauke fartanya tare. Sararin sama da kansa ya zama eriya ke nan. Duk ƙasar da ke iya hangen wurin fashewar tana cikin rabo, in kuwa daga kilomita 400 ne, wannan ya kai kilomita 2,200 ta kowace fuska.

Daga baya masana suka kasa bugun kashi uku, bisa ga yadda su ke biyo juna. Na farko shi ne wanda na bayyana. Ya kan kai ƙarshen ƙarfinsa cikin 'yan kashi kaɗan na sakan in an raba sakan ɗin gida miliyan dubu, yana kuma iya kai bolt 50,000 a mita. Saurinsa ne mugun abu, domin yawancin na'urorin da a ke sa wa layi don tsaron aradu kafin su farga ya wuce. Na biyu kamar aradu ya ke, ba ya wuce sakan guda, da shi kaɗai ne da ba a damu ba. Na uku mai nawa ne, ya kan ɗauki sakan goma har zuwa mintoci, sa'ad da fashewar ta ture maganaɗisun duniya ya dawo mazauninsa a hankali. Wannan na ukun ɗan'uwan abin da rana ta yi ne cikin 1859. Ba ruwansa da rediyo ko mota, ba ya kama kome sai wayar da ta yi kilomita da yawa. Galibin ruɗun da ke cikin zancen mutane daga haɗa ukun nan wuri ɗaya ya ke fitowa. Har a kan ji mai cewa guguwar rana za ta ƙona wayar hannu a aljihu, alhali rana ba ta da na farkon sam.

Amurka a kan teku ta yi gwajinta. Sobiyet kuwa a kan ƙasa mai mutane da garuruwa ta yi nata, shi ya sa shaidarsa ta fi nauyi, ko da ya ke an daɗe ba a ji ta ba. Ran 22 ga Oktoba 1962, ranar da Shugaba Kennedy ya yi wa Amurkawa jawabi a kan makaman da aka girke a Kuba, aka harba roka daga Kapustin Yar, bam ya fashe a tsawon kilomita 290 a bisa tsakiyar Kazakistan, kusa da garin Jezkazgan. Ƙarfinsa kilotan 300 ne, bai kai rubu'in na Amurka ba. Amma maganaɗisun duniya ya fi ƙarfi a can arewa bisa ga Hawai, ƙarƙashinsa kuma fili ne fetal wanda aka ja wa wayoyi masu tsawon gaske. Sai bayan rushewar Sobiyet, cikin 1994, Janar Vladimir Loborev ya ba da labarin a wani taron masana a Bordo ta Faransa. Akwai wani layin tarho na kan turaku mai tsawon kilomita 570, kusan tafiyar Kano zuwa Maiduguri, wanda aka sa wa na'urorin awo da gangan. Wutar da ta bi shi ta kai amfiya 2,500, duk fis ɗin da ke kansa suka ƙone. Mai karatu ya tuna fis ɗin filogin gida amfiya 13 ne. Wata wayar wuta da aka binne a ƙasa, mai tsawon kilomita 1,000, tsakanin Akmola, wadda ita ce Astana ta yau, da Alma-Ata, ita ma ta daina aiki. Bisa ga abin da masanan Rasha suka faɗa, gobara ta tashi a gidan wuta na Karaganda. Binnewa ba ta hana ba, gama bugun na uku ya kan nutsa cikin ƙasa.

A farkon Nuwamba 1962 duka biyun suka yi gwajinsu na ƙarshe a can sama. Ran 5 ga Agusta 1963 Amurka da Ingila da Sobiyet suka sa hannu a Masko a kan alkawarin hana gwaji cikin iska da sarari da ƙarƙashin ruwa. Alheri ne babba ga duniya. Amma ga mai neman sanin wannan al'amari, ƙofa ce ta rufe. Duk abin da ido ya gani game da bugun bam na sama, cikin 'yan shekarun nan ne zuwa 1962, a kan kayan da yau sai a gidan ajiye kayan tarihi. Rediyon zamanin yawanci mai bawul ne, watau 'yan kwalaben nan masu zafi, waɗanda ke aiki da ɗaruruwan bolt, tartsatsi ya ratsa su su ci gaba da waƙa. Motar zamanin kuwa kafireta ce da kwayil da fulogi. Taransista, wadda aka ƙago cikin 1947, da ƙanƙanin fallen silikon mai ɗauke da taransista da yawa, wanda ya biyo baya cikin 1958, su ne suka canza lissafi. Na yau da bolt ɗaya ko biyu su ke aiki, hanyoyin da ke cikinsu sun fi gashi siranta sau dubbai. Abin da bawul zai shanye ya yi gyatsa, su ya narkar da su.

Sojoji sun gane haka da wuri. Ran 6 ga Satumba 1976 wani matuƙin jirgin yaƙi na Sobiyet, Viktor Belenko, ya gudu da jirginsa MiG-25 ya sauka Hakodate ta Japan. Da aka kwance jirgin aka tarar na'urar hangensa cike da bawul. Waɗansu suka yi dariya, waɗansu suka ce ai dabara ce ta tsaron bugun lantarki. A ganina an cika ƙawata wannan labari, domin bawul ya dace da na'urar hange mai bukatar wuta da yawa, shi ne kuma abin da ma'aikatun Sobiyet suka ƙware a kai. Amurka kuwa ta gina wani dandamali na katako zalla kusa da Albuquerque, aka gama shi wajen 1980, ba a sa masa ƙarfe ba sai abin da ya zama tilas, har kusoshinsa galibi na itace ne. Girmansa ya isa a jawo jirgin B-52 a ɗora a kai, a yi ta zuba masa bugun da aka ƙirƙira da inji, kamar yana tashi a sama. Maganin da suka dogara a kansa tsoho ne. Tun 1836 Michael Faraday ya gina wani ɗaki, ya lulluɓe shi da ƙarfe, ya shiga ya zauna, aka yi ta zuba wa bayansa wuta har tartsatsi na tashi, na'urorinsa na ciki ba su motsa ba. Wutar bayan ƙarfe ta ke bi. Wahalar ita ce ɗakin da ba ƙofa ba taga ba shi da amfani, kowace waya kuwa da ta shiga ciki ƙofa ce.

Yanzu mu zo kan mota, wadda ita ce a ke yawan tambaya. Daga wajen 1970 masu ƙera motoci suka fara sa taransista a wajen ba da wuta ga fulogi, zuwa 1981 kamfanin General Motors ya sa 'yar kwamfuta cikin motocinsa don ta riƙa auna mai da iska. Motar yau tana ɗauke da irin waɗannan da dama, in wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota ta lalace, ko an tura ba ta tashi. Sabo da haka tsoron yana da dalili.

Majalisar dokokin Amurka ta kafa wata hukuma don binciken wannan barazana, ta fara aiki cikin 2001 a ƙarƙashin William Graham, ta fid da babban rahotonta cikin 2008. Cikin abin da ta yi har da gwada motoci a ɗakin da a ke ƙirƙiro bugun na farko. Ƙananan motoci 37 aka kawo, ƙirar 1986 zuwa 2002, aka gwada su a kashe, aka gwada su inji na aiki, ana ƙara ƙarfi mataki mataki har wajen bolt 50,000 a mita. Waɗanda ke kashe ba wadda ta sami kome. Cikin masu aiki, 3 injinsu ya mutu sa'ad da ƙarfi ya kai wajen bolt 30,000, amma da aka murza makulli suka tashi. Guda 1 kayan lantarkin da ke gaban direba suka lalace har sai da aka yi gyara. Guda 25 suka yi 'yan rikice-rikice marasa hatsari, kamar fitilun gaban direba su yi ta ƙiftawa. Guda 8 ko gezau. An kuma gwada manyan motoci 18, ƙirar 1991 zuwa 2003. Su ma na kashe lafiya lau. Cikin masu aiki 13 suka nuna alama, 3 suka mutu, 2 suka tashi nan take, 1 sai da aka ja ta zuwa gareji. Watau cikin motoci 55, ɗaya tak ta ƙi tashi.

Wannan sakamako bai kamata ya ba da mamaki ba in an duba yadda mota ta ke. Jikinta ƙarfe ne, rabin ɗakin Faraday ke nan, ko da ya ke gilasai sun huda shi. Wayoyinta gajeru ne, mafi tsawo ba ta wuce 'yan mitoci ba, suna kuma kwance a jikin ƙarfe. Fiye da haka, ƙwaƙwalwar mota a gidan tartsatsi aka haife ta. Taƙi kaɗan daga inda ta ke fulogi na fid da dubban bolt sau da yawa cikin kowane sakan, don haka tilas masu ƙira su yi mata garkuwa tun daga ma'aikata, in ba haka ba ba za ta kai bakin ƙofa ba.

Amma fa kada a ɗauki gwajin nan fiye da nauyinsa, kamar yadda waɗansu ke yi don su ce ba kome. Ka'idar da hukumar ta bi ita ce, da zarar mota ta nuna wata alama, sai a daina ƙara mata ƙarfi. Ashe ke nan yawancin waɗanda fitilunsu suka ƙifta ba a kai su ƙarshe ba. Mota 55 kuma ba yawa ba ne, mafi sabunta a cikinsu ta 2003 ce, tun ba a cika tituna da motoci masu tafiya da batir zalla ba, waɗanda ke kwana a jone da wayar gari. Hukumar da kanta abin da ta ƙiyasta shi ne, inda bugun ya yi ƙarfi, mota ɗaya cikin goma ko fiye za ta iya samun matsala mai tsanani. Wanda ya taɓa ganin yadda tirela guda ta ke toshe gada ya san abin da ɗaya cikin goma za ta yi a babban titi da tsakar rana, balle ga fitilun ba da hannu, waɗanda gwajin ya nuna suna rikicewa tun ƙarfi bai wuce 'yan dubbai ba.

Haka hukuncin ya ke ga sauran kayan gida. Agogon hannu, da tocila, da ƙaramin rediyo mai batir wanda aka naɗe eriyarsa, da wayar hannu a aljihu, ba su da tsawon da za su kwashi abin kirki. Talabijin da firji da kwamfutar da ke jone da bango, su ne ke shan abin da wayar titi ta tara. Wayar hannun kuma, ko ta tsira, ba ta da amfani in hasumiyar da ta ke magana da ita ta mutu. Motar da ta tashi za ta yi tafiya har man da ke tankinta ya ƙare, daga nan sai ta tarar famfon gidan mai da wuta ya ke aiki. Famfon ruwan gari ma haka, da injin niƙa, da banki.

Nan ne maganar ta koma kan taransifoma, nan kuma rana ta sake ba da shaida. Da asubahin 13 ga Maris 1989, ƙarfe 2:44, guguwar rana ta zuba wuta a dogayen layukan lardin Kwibek na Kanada, waɗanda ke ɗauko lantarki daga madatsun ruwa na can arewa. Cikin minti ɗaya da rabi duk tsarin ya faɗi, mutum miliyan 6 suka zauna cikin duhu da sanyi wajen awa 9. A wannan guguwa wata babbar taransifoma ta ƙone a tashar Salem ta jihar Niyu Jasi. Cikin Oktoba 2003 wata ta kashe wuta a Malmo ta Suwidin, ta kuma lalata manyan taransifomomi a Afirka ta Kudu, inda dā a ke zaton abin ba ya kaiwa. Irin waɗannan taransifomomi nauyinsu ya kan kai tan ɗaruruwa, kowace a kan ƙera ta ne don wurinta, daga oda zuwa isowa a kan haura shekara. In biyu ko uku suka ƙone a musanya. In ɗari suka ƙone rana ɗaya, ma'aikatun duniya ba su da inda za su fid da su da sauri. Nawa ne za su ƙone, a nan masana suka rabu. Mutanen hukumar Graham sun tsaya a kan za a yi watanni ko shekaru cikin duhu. Cibiyar binciken da kamfanonin wuta na Amurka ke riƙe da ita ta fid da nata rahoto cikin 2019, ta ce wuta za ta ɗauke a jihohi da dama, amma taransifomomin da za su lalace kaɗan ne. Na farkon aikinsu faɗakarwa ne, na biyun kuwa su za su biya kuɗin garkuwa, mai karatu ya auna maganar kowannensu da wannan a zuciya.

Ran 10 ga Mayu 2024 aka yi guguwar rana mafi ƙarfi tun bayan ta 2003, ta faɗo daidai lokacin shukar masara a tsakiyar Amurka da Kanada. Layukan wuta suka jure, domin an sami gargaɗi tun da sauran lokaci, an kuma koyi darasin Kwibek. Sai ga manoma sun tsai da taraktocinsu a bakin gona. Injunan lafiyarsu ƙalau, ba waya ɗaya da ta ƙone. Taraktocin nan da saƙon taurarin GPS su ke bin kunya, ba su kaucewa fiye da 'yan santimita, guguwar kuwa ta dama saman iska har saƙon ya riƙa isowa a karkace. Wanda ya ci gaba da shuka ya sami kunyoyi a murɗe, waɗanda injin ba zai iya bi ba in lokacin noma da girbi ya zo. Da yawa suka kashe inji, suka jira sama ta lafa.